Sayen zane da tukwanen hannu a ƙananan gidajen baje koli na Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Gidajen da ake magana a kansu ba manyan nan na tsakiyar Landan ba ne. Ƙananan shaguna ne masu ɗaki biyu ko uku a garuruwan bakin teku da na karkara, inda mutum ɗaya ne ke sayo kaya, ya rataye su, ya yi ciniki, ya kuma ɗaure kwali da kansa. Mun ɗauki yankin Cornwall, a ƙarshen kudu maso yammacin Ingila, a matsayin misali, domin a nan ne zane da ginin tukwane suka fi cuɗanya.

Idan aka ce zanen Birtaniya na zamani, wane zamani ake nufi?

A bakin 'yan kasuwar, ana nufin aikin masu zanen Birtaniya na ƙarni na 20, daga wajen 1900 zuwa shekarun 1970 ko 1980. Wanda ke raye yana aiki yau, rukuninsa daban ne, ko da yake ƙananan gidaje sukan haɗa su a bango ɗaya.

A Cornwall sunan garin St Ives ne ke jan kasuwa. Ben Nicholson da Barbara Hepworth sun koma can a 1939 da yaƙi ya ƙarato, daga baya garin ya tara Peter Lanyon, Patrick Heron, Terry Frost, Roger Hilton da Wilhelmina Barns-Graham. Kafin su duka akwai Alfred Wallis, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya fara zane yana da shekara kusan 70, yana shafa fentin jirgi a kan guntayen kwali. Ya rasu a 1942 cikin talauci. Manyan ayyukan waɗannan mutane yanzu suna gidajen tarihi irin Tate St Ives, wanda aka buɗe a 1993, ko a hannun masu ƙarfi. Abin da ƙaramin gida ke samu shi ne zanensu na takarda, bugunsu (zanen da aka buga a adadi ƙayyadadde), da cikakkun ayyukan abokan zamaninsu da sunansu bai yi tashe ba. A ganinmu, nan ne mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun alheri: kyakkyawan aikin wanda ba a san shi sosai ba ya fi raunin aikin shahararre daɗin zama da shi.

Me ya bambanta tukwanen hannu da tangaran ɗin masana'anta?

A masana'antun Stoke-on-Trent, wani ne ke tsara siffa, wani ya zuba yumɓu a mazubi, wani ya yi ado, dubbai su fito iri ɗaya. Tukunyar hannu kuwa magini ɗaya ne, ko 'yar ƙaramar tawaga, ke bin ta tun daga kwaɓa yumɓu har fitowa daga wuta.

Tushen wannan sana'a a Birtaniya shi ne 1920, lokacin da Bernard Leach ya dawo daga Japan tare da abokinsa Shoji Hamada suka kafa wurin gini a St Ives. Daga baya sana'ar ta kasu zuri'a biyu. Ta Leach tana son yumɓu mai kauri, launin ƙasa da na toka, kwanuka da butocin da za a yi amfani da su kullum. Ta biyu ta Lucie Rie ce, wadda ta gudo daga Ostiriya zuwa Landan a 1938, da Hans Coper da ya shiga wurinta a 1946. Aikinsu siriri ne, mai tsabtar layi, na birni.

Zafin wuta ne ke raba yumɓu kashi uku, kuma sanin wannan yana da amfani wajen kula da kaya. Wanda aka gasa a digiri 1,000 zuwa 1,150 yana shan ruwa, yana saurin ɓantarewa. Wanda ya kai 1,200 zuwa 1,300 ya zama kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Farar tangaran ita ma a wajen 1,300 take nuna, kuma idan siririya ce haske yana ɗan ratsa bakinta. Ruwan sheƙin da ake shafa wa tukunya kafin gashi gilashi ne da ke narkewa a jikinta, ana haɗa shi da garin duwatsu, tokar itace, da sinadaran launi irin ƙarfe ko tagulla.

Ta yaya zan gane wanda ya gina tukunya?

Juya ta. Yawancin magina suna danna ƙaramin hatimi a ɗanyen yumɓu, a gindi ko a gefe kusa da ƙafa. Sau da yawa hatimi biyu ne: na wurin ginin, da na mutumin.

A nan ne sababbin masu saye suka fi yin asara. Hatimin St Ives, harafin S da I a sarƙe, shi kaɗai ba ya nufin Leach ne ya gina. Wurin ya daɗe yana fitar da kayan yau da kullum, kwanuka da kofuna da tukwanen miya, waɗanda almajirai ke ginawa bisa ma'auni ɗaya, kuma duka suna ɗauke da wannan hatimi. Kaya ne masu kyau, amma kuɗinsu gomomin fam ne. Sai an ga BL a gefensa ake maganar aikin Bernard Leach. DL na ɗansa David ne, JL a St Ives na Janet ne, matar Bernard. Michael Cardew, almajirin Leach, yana sa MC, wurinsa na Winchcombe yana da WP, kuma bayan 1946 wurin ya koma hannun Ray Finch, saboda haka WP kaɗai ba Cardew ba ne. Lucie Rie tana da LR, Hans Coper HC, kuma akwai kayan shayi da suka yi tare masu ɗauke da duka biyun.

Ruwan sheƙi yakan kwarara ya cike hatimi har ya ƙi karantuwa. Haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito da shi.

Kada hatimi ya zama shi ne hujjarka kaɗai, domin shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo. A wajen 1980 an gano tukwanen jabu masu hatimin Leach da aka gina a ajin koyon sana'a na wani gidan yari a Ingila, kuma sun ratsa manyan gidajen gwanjo kafin a farga. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne launin yumɓun da ba a shafa wa komai ba a gindi, yadda aka yanke ƙafar da wuƙa, nauyin tukunyar a hannu, da yadda aka liƙa mariƙi. Mai gidan da ya san aikinsa zai iya ajiye maka tukunyar kusa da wata da ba a shakkarta, ya nuna maka waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Idan bai iya ba, farashin ya kamata ya nuna haka.

Me ya kawo tukwanen Abuja da sunan Ladi Kwali shagunan karkarar Ingila?

Michael Cardew ne ya haɗa zumuncin. Shi ne almajirin Leach tun 1923, ya kafa Winchcombe a 1926, sannan Wenford Bridge a Cornwall a 1939. Ya yi aiki a Ghana, a Achimota da Vume, daga nan gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aiki a Najeriya a 1950. Ya zaga Arewa yana neman yumɓu da itace da ruwa, ya zaɓi tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, ya zauna har 1965.

A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata magina Bagwariya daga Kwali. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi juya yumɓu a kan keken gini, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ta gada, tana zana ƙadangare, kunama, kifi, kada da tsuntsu a jikinsu. Abin da ya canza shi ne yumɓun da wutar: aka shafa musu ruwan sheƙi aka gasa su da zafin da ke mai da su dutse. Shi ya sa tulun Abuja ya yi nauyi, kuma ba ya sanyaya ruwa, domin ba ya tsatsafo. An baje kayan cibiyar a Landan a 1958, 1959 da 1962, Turawan da suka yi aiki a Najeriya kuma sun koma gida da su. Yanzu jikokinsu ne ke fito da su kasuwa. Ladi Kwali ta sami digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, ta rasu a 1984, hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Hatimin cibiyar sunan Abuja ne da haruffan Larabci, kuma kowane magini yana da nasa a gefe. Na Ladi LK ne. Ƙa'idar St Ives ce a nan ma: hatimin Abuja kaɗai yana nufin aikin cibiyar ne, wadda magina da yawa suka yi aiki a cikinta. Farashin aikin Ladi Kwali ya ɗaga sosai a shekarun nan, don haka a tambayi ta hannun wa tukunyar ta shigo Ingila, kuma yaushe.

Yaya ake duba lafiyar tukunya kafin a biya?

Nemi izini, cire zobe da agogo, ka ɗauke ta da hannu biyu a kan tebur mai shimfiɗa. Kada a ɗaga ta ta mariƙi ko ta baki. Idan tana da murfi, a sauke shi tukuna, domin yawancin ɓarnar da ake yi a shago murfi ne ke zamewa.

Ɗora ta a tafin hannu ka ƙwanƙwasa bakinta da farce, yadda mai sayen tulu ke yi a kasuwa. Lafiyayya tana amsawa da amo mai tsawo. Idan sautin ya mutu nan take, akwai tsaga ko gyara. Yumɓun ƙaramar wuta dama amonsa gajere ne, kada a yi masa hukuncin tangaran.

Bi baki da ƙafa da yatsa, ido rufe ma ya fi, yatsa yana jin ɓantarewar da ido bai gani ba. Wurin da aka gyara yakan fi sauran jiki ɗumi da laushi, domin gam ne da fenti, ba gilashi ba. Fitilar ultraviolet a ɗaki mai duhu tana fito da shi da wani launi daban, kuma yawancin gidaje suna da ita, a roƙa.

A bambanta laifin wuta da laifin hannu. Ɗigon baƙin ƙarfe, ƙananan ramuka a sheƙi, wurin da sheƙin ya ja baya ya bar yumɓu a fili, tabon abin da aka ɗora tukunyar a kai cikin wuta, duk tare da su ta fito, kuma maginin ya gani ya yarda. Kwanukan Lucie Rie masu kumfa kamar dutsen wuta da gangan ta yi su haka. Tsattsagewar sheƙi mai kama da saƙar gizo tana faruwa ne idan sheƙin ya fi yumɓun tsukewa wajen hucewa, wani lokaci ado ne da aka nufa. Amma tsagar da ta ratsa jiki daga ciki zuwa waje, ɓantarewar baki, mariƙin da aka liƙa, ko bakin da aka goge da dutse don ɓoye ɓalli, waɗannan ɓarna ce kuma suna rage daraja ƙwarai. Tukunyar da aka gyara ba haramun ba ce a saya, da yawa hanya ce ta mallakar aikin da lafiyayyensa ya fi ƙarfin aljihu. Sharaɗin shi ne a faɗa, a rubuta a rasit.

A zane fa, me zan duba?

Ka ce a sauke shi daga bango a juya maka bayansa. Mai gidan kirki ba ya jin haushin wannan.

A baya ake samun tambarin shagon da ya sayar da ƙyallen ko allon, irin Winsor & Newton ko Roberson, wanda adireshinsa ke nuna zamani. A nan ake samun takardun gidajen da zanen ya ratsa, irin Leicester Galleries, Redfern ko Waddington, da lambobin gwanjo da aka rubuta da alli ko aka buga da baƙin tawada. Ben Nicholson a bayan zanen ya saba rubuta suna da take da shekara, saboda haka rashin sa hannu a gaba ba abin tsoro ba ne. Duk wanda ya sake firam, ya ajiye tsohon allon baya da takardunsa, kada ya yar. Mutane sun zubar da rabin darajar zanensu a kwandon shara ta wannan hanya.

Takarda ma ana ƙirƙirar ta. A 1999 kotu ta ɗaure John Drewe, wanda ya sa John Myatt ya zana ayyuka kusan 200 da sunan manyan masu zane, har da Nicholson, shi kuma ya riƙa cusa bayanan ƙarya cikin ma'ajiyar takardun Tate da ta gidan tarihin V&A. Saboda haka salsalar zane sai an bi ta: wane ne ya mallaka, a wace shekara, a wane baje koli aka nuna shi, kuma akwai wanda za a iya tambaya? A kula da lafazin rasit. Idan aka rubuta sunan mai zane kai tsaye, gidan ya ɗauki alhaki. Idan aka rubuta cewa ana danganta aikin da shi, ko na da'irarsa ne, ko a salonsa ne, gidan bai yi maka alkawarin komai ba.

A gaba, haska fitila daga gefe. Nemi fentin da ya ɗago ko yake ɓarewa, ƙyallen da ya saki, da wuraren da aka cike. Masu zanen bayan yaƙi sun yi aiki da abin da suka samu: allon katako na matsi, kwali, fentin gida. Fentin gida yana tsagewa idan an yi masa kauri, kwali yana da tsami da ke cin kansa, allon matsi yana lanƙwashewa da laima, kusurwoyinsa suna farfashewa. A zanen takarda, nemi ɗigon tsatsa mai launin ƙasa da laima ke jawowa, da layin ruwan kasa a gefen tagar kwalin da ya kewaye zanen, alamar kwalin mai tsami ne. Idan aka ɗaga kwalin aka ga launin da ke ɓoye ya fi na fili ƙarfi, rana ta ci zanen, kuma wannan ba ya dawowa.

Bugu zane ne na gaske ko kwafi?

Ya danganta. Bugu na asali shi ne wanda mai zanen ya yi aikinsa a kan dutse, farantin tagulla ko lallausan raga domin a buga shi, aka fitar da adadi ƙayyadadde. A ƙasa da fensir za ka ga lamba irin 12/75, wato na 12 cikin 75, da sa hannu. A/P na nufin kwafin da aka ware wa mai zanen a wajen adadin. Bugun tagulla yana barin shaidar gefen faranti a takarda, ana ji da yatsa. Terry Frost, Patrick Heron da John Piper sun yi bugu da yawa irin wannan, kuma nan ne ƙofar shiga mafi sauƙi.

Kwafi kuwa hoton zanen da aka riga aka gama ne aka buga da inji. Gilashin ƙara girma yana nuna ɗige-ɗige a jere. Abin da ke rikita mutane shi ne akwai kwafin da mai zane ya sa wa hannu, kamar na L. S. Lowry da aka fitar da yawa a ƙarshen rayuwarsa. Suna da kasuwarsu, amma sa hannun ake saye.

Me ya sa farashin shago ya fi na gwanjo? Ana yin ragi?

Farashin da aka buga guduma a kansa ba shi ake biya ba. Gidan gwanjo yana ƙara ladansa, yawanci kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, da harajin VAT a kan ladan, sannan ɗauka da gyara da firam duk a wuyanka. Kuma kaya a gwanjo yadda ka gan su haka ka saya. Shago ya riga ya yi wannan wahala, ya kuma tsaya a bayan abin da ya rubuta.

Ragi ana yi, cikin ladabi. Kashi 5 zuwa 10 abu ne da aka saba a tsofaffin kaya, musamman ga mai ɗaukar abu biyu. A aikin magini ko mai zanen da ke raye hannun mai gida a ɗaure yake, domin raba kuɗin suke yi, sau da yawa kusan rabi da rabi, kuma an yi yarjejeniya kada farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Taya kofin fam 40 da rabin kuɗinsa cin fuska ne ga wanda ya gina shi. Mazauna Birtaniya suna iya tambaya ko gidan yana cikin shirin Own Art, wanda ke ba da damar biya cikin wata 10 ba ruwa a kan aikin masu fasaha da ke raye. Jan ɗigo a jikin takardar farashi yana nufin an sayar.

Waɗanne ƙarin kuɗi da takardu zan tarar?

Akwai haƙƙin mai fasaha a sake sayarwa, wanda ya fara aiki a Birtaniya a 2006, aka faɗaɗa shi ga magada a 2012. Idan aka sake sayar da aiki ta hannun ɗan kasuwa a kan fam 1,000 ko fiye, kuma mai shi yana raye ko bai cika shekara 70 da rasuwa ba, ana biyan kashi 4 cikin ɗari a kan fam 50,000 na farko, kason yana raguwa daga nan, kuma jimla ba ta wuce fam 12,500. Ya shafi tukwane kamar yadda ya shafi zane. Wasu gidaje suna sa shi cikin farashi, wasu suna ƙarawa a kai, a tambaya tun kafin a shirya.

A tsofaffin kaya yawancin gidaje suna biyan VAT ne a kan ribarsu kaɗai, shi ya sa ba za ka gan shi a rasit ba. Tun Janairun 2020 kuma doka ta wajabta wa masu cinikin zane su tantance mai saye idan ciniki ya kai kimanin Yuro 10,000, don haka neman fasfo da shaidar adireshi ba zargi ba ne.

Rasit ya ƙunshi sunan mai aikin, take, shekara, abin da aka yi shi da shi, girma, salsala, da duk gyaran da aka sani. Wanda ya saya ta intanet ko ta waya yana da kwana 14 daga ranar da kayan suka iso ya fasa. Wanda ya saya a cikin shago ba shi da wannan dama, sai idan kayan sun saɓa wa abin da aka faɗa masa.

Zan iya ci da sha a cikinsu?

Na babbar wuta da ba su da tsaga, e, don haka aka yi su, kuma kofin hannu da ba a taɓa shan shayi a ciki ba an tauye shi. A wanke da hannu da ruwa mai ɗumi, a shimfiɗa tawul a ƙasan wurin wanki, kada a sa a injin wanke kwanuka, kada a zuba tafasasshen ruwa a tukunya mai sanyi.

Uku ne ba a cin abinci a ciki. Tsofaffin kayan ƙaramar wuta masu sheƙin ruwan zuma, irin na farkon Winchcombe, da dalma aka haɗa sheƙinsu, kuma abu mai tsami kamar lemun tsami ko tumatir yana narkar da ita. Nau'in tukwanen da ake kira raku, wanda ake zarowa daga wuta da zafinsa, yana shan ruwa kuma ba shi da ƙarfi. Sai duk abin da aka gyara, wanda ko jiƙa shi ba a yi, domin ruwa yana sakin gam. Kafin a zuba furanni, a gwada tukunyar da ruwa a kan faranti ta kwana, kada ta ɓata katako.

Ina ya dace in rataye zane?

Ba a bangon da rana ke bugawa ba, ba a saman hita ko murhun ɗumama ɗaki ba, ba a kicin ko banɗaki ba. Bangon waje na tsohon gidan dutse yana tara laima, a manna ƙananan toshe a kusurwoyin bayan firam domin iska ta ratsa. Danshin iska tsakanin kashi 40 da 60 shi ake so, kuma hawa da saukarsa ne suka fi yawansa ɓarna, domin katako da ƙyalle suna kumbura suna tsukewa, fenti kuwa ba ya bin su. Gidajen tarihi suna riƙe zanen takarda a hasken lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), na mai a wajen 200. A gida, ma'anar wannan ita ce fentin ruwa ya tafi lungu ko baranda ta ciki, na mai ya zauna a falo.

A rataye da ƙugiya biyu, tsakiyar zanen kimanin santimita 150 daga ƙasa. A duba tsohuwar igiya da zobban baya kafin a amince musu, su ne ke tsinkewa. Zanen takarda yana son kwali marar tsami da gilashi mai tare hasken ultraviolet, kuma kada takardar ta taɓa gilashin. Ƙura a share ta da buroshi mai laushi. Ruwa, sabulu, mai, ko tsumma kada su kusanci fuskar zanen mai. Idan fenti ya fara ɓarewa, a kwantar da zanen fuska sama, a tattara ɓarɓashin a ambulan, a kai wa ƙwararren mai gyara.

Za a iya aiko mini zuwa wata ƙasa?

Yawancin gidaje suna aikawa. Abin da ya haura shekara 50 kuma darajarsa ta kai wani mataki yana buƙatar lasisin fita daga hukumar Arts Council England: matakin shi ne fam 180,000 ga zanen mai, fam 65,000 ga yawancin sauran kaya. Kayan ƙaramin shago da wuya su kai nan. Birtaniya ta soke mayar wa baƙi VAT a filin jirgi tun Janairun 2021, amma idan gidan ne ya aika kai tsaye zuwa waje ana iya cire shi daga farashi. Kuɗin kwastan na ƙasarka kai za ka biya.

Tukunya kwali biyu take so. A naɗe murfi daban, a cike cikinta da takarda mai laushi, a naɗe jikin da takarda kafin leda mai kumfa, a sa a kwali na farko yadda ba za ta motsa ba ko an girgiza. Sannan wannan kwalin ya shiga babba, da abin cikewa na aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, har sama da ƙasa. Zane mai gilashi, ko a cire gilashin, ko a manna masa tef domin idan ya fashe kada ya yanki takarda. Leda mai kumfa kada ta taɓa fuskar fentin mai, da zafi tana barin shaidar zagaye a jiki. Kamfanonin aika saƙo da yawa ba sa biyan diyyar tangaran da zane ko da an biya kuɗin inshora, a karanta sharaɗinsu ko a yi inshora daban.

Mai kai kaya Kano, Yamai ko wani wuri mai irin yanayinsu ya sani tukunya ba ruwanta da zafi. Zane ne abin tausayi: allon da ya saba da laimar Cornwall zai bushe ya lanƙwashe a hunturu, damina ta zo ta kumbura shi, fumfuna da gara kuma suna son bayan firam. A sa mai firam ya rufe bayan da allo da tef tun a Ingila, a bar kwalin ya kwana ɗaya a ɗakin kafin a buɗe, a ɗauki hoton kwalin da na kayan yayin buɗewa domin inshora, sannan a riƙa sauke zanen ana duba bayansa a farkon damina da ƙarshenta.